Sarƙar taimin ta Fijon Baba: aikin da muka yi sau biyu a tsakar gida

Motar Peugeot 504 ce, salun, ruwan toka, ƙirar tsakiyar shekarun 1980, irin waɗanda aka haɗa a nan Kakuri. Baba ya same ta ne lokacin da ma'aikatarsu ta yi gwanjon tsofaffin motocin ofis, kuma tun daga ranar take kwana a gidanmu na Unguwar Sanusi. Wanda ya tashi a Kaduna ba sai an gabatar masa da Fijo ba. A Faransa aka fara ƙera 504 a 1968, masana'antar PAN mai haɗa Fijo a Kakuri ta fara aiki a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da wannan ƙira shekaru masu yawa bayan Turawan da suka ƙirƙiro ta sun daina. Gwamnati ta mai da ita motar jami'anta, 'yan tasha suka riƙe wagon ɗinta a hanyar Zariya da Kano, 'yan kasuwa suka rungumi a-kori-kurarta. Yau kuwa sai ka yi yawo daga Kawo har Sabo ba ka ga guda biyar suna tafiya ba.

Tamu tana tafiya. Matsalar dai ita ce ta fara magana.

Yadda abin ya faro

Da shigowar hunturu muka fara ji. In Baba ya tayar da ita da asuba, sai ka ji kacau-kacau daga gaban injin, kamar ana jan sarƙar rijiya a bakin tulun ƙarfe, na ɗan lokaci kaɗan, sai ya ɗauke. Bayan 'yan makonni ƙarar ta daina ɗaukewa da wuri. Daga baya ma sai ta riƙa dawowa in injin ya yi zafi yana salo a danja, wato yana aiki mota na tsaye. Salon kansa ya lalace, motar tana rawa kamar mai jin sanyi, tana shan mai fiye da yadda ta saba, kuma hawan gadar Kawo da take yi a giya ta uku ba gardama sai ya koma sai an sauko ta biyu.

Bakanike biyu suka duba. Na farko ya ce tafet ne, wato 'yar tazarar da ke saman bawul, ya saita, ƙarar ba ta ko gezau ba. Na biyu ya saurara bai fi minti ɗaya ba ya ce injin ya gaji, a sauke shi kawai. Baba ya yi masa godiya ya shigo gida da motarsa. Akwai dalili. Shekarun baya ya taɓa barin ta a wani gareji don ƙaramin aiki, ta yi mako biyar a can, ta dawo da kafireton da ba nata ba. Tun daga nan, in aiki ya wuce yini ɗaya, to a gabansa za a yi.

Ni ba bakanike ba ne, malamin makaranta ne mai son taɓa ƙarfe. Abin da na fara yi shi ne raba gardama tsakanin abubuwan da ke juyawa a gaban injin. Na cire fambel, na tayar da ita na ƙasa da minti ɗaya, don ba a barin injin ya daɗe ba famfon ruwa. Ƙarar tana nan. Ke nan ba famfon ruwa ba ne, ba kuma altaneta ba. Sai na ɗauki doguwar sukudireba na ɗora bakinta a wurare daban-daban, ƙotar kuma a kunnena. A murfin bawul, ɗan tas-tas na tafet ne kawai, wanda kowace Fijo ke yi. A murfin taimin kuwa, sai ka ce an zuba kusoshi a gwangwani ana girgizawa.

Gwaji na uku shi ya rufe maganar, kuma shi ne wanda nake ganin ya kamata duk mai tsohuwar mota irin wannan ya sani. Na buɗe murfin distributa, mai raba wa fulogi wuta, na sa ƙanena ya juya karanshaf, babban sandan da fistin ke juyawa, da sifana zuwa gaba har rotar da ke cikin distributar ta motsa, sannan ya dawo da shi baya a hankali. Fulin ya yi tafiya mai ɗan tsawo, ina gani da idona, rota tana zaune ba ta san abin da ake ciki ba, sai daga baya ta farka ta bi. Wannan jinkirin shi ne sakin sarƙar.

Ga dalilin da ya sa gwajin ke aiki. Injin 504 mai lita biyu, wanda ake kira XN1, silinda huɗu ne, cc 1971, kwance a karkace kamar digiri 45. Kamshaf ɗinsa a cikin jikin injin yake, ba a saman kai ba, kuma gajeruwar sarƙa mai layi biyu ce ke haɗa shi da karanshaf. Ƙaramin gargare na ƙasa yana da rabin haƙoran babban na sama, don haka in karanshaf ya zaga sau biyu, kamshaf ya zaga sau ɗaya. Kamshaf ɗin nan shi ke buɗe bawul, shi ne kuma ke juya distributa da famfon baƙin mai. To in sarƙa ta saki, ba ƙara kaɗai take jawowa ba: bawul na makara, wuta ma na makara. Rawar salo da rashin ƙarfi a gada duk daga nan suke. Mutane na cewa sarƙa ta miƙe, amma ƙarfen ba ya miƙewa kamar roba. Fil-fil ɗin da ke kowace gaɓa ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan, in ka tara cin gaɓoɓi da yawa sai sarƙar ta fi tsawonta na asali.

Sayayya da shiri

Mu uku ne: ni, da ƙanena, da Kawu. Kawu ya yi aiki a masana'antar Fijo ta Kakuri shekaru, kuma unguwa duka ta ɗauka ba abin da bai sani ba a jikin Fijo. Gaskiyar magana, a ɓangaren fenti ya yi aikinsa, bai taɓa buɗe cikin injin ba a can. Amma ya ga abubuwa, ya ji abubuwa, kuma kamar yadda za a gani, jin nan ya yi mana rana.

Gardamarmu ta farko a kan gargare ce. Kawu ya ce a sayi sarƙa da tenshina, wato abin da ke danne sarƙar don kada ta saki, kawai, gargaren ƙarfe ne, me zai same su. Na ƙi. Haƙoran da suka yi shekaru suna aiki da sakakkiyar sarƙa sun riga sun ci daidai da ita, in ka ɗora musu sabuwa su za su koya mata tsufa. Muka sayi duka: sarƙa, gargare biyu, tenshina, fakin murfi mai hana mai zuba, baƙin mai da filta. Sarƙar farko da wani mai shago ya miƙo mini na mayar masa nan take. Da na riƙe ta a kwance ta gefe, ta lanƙwaso kamar jelar akuya, alhali sabuwa ce a leda. Sabuwar sarƙa ta gari tana tsayawa kusan miƙe. Sai a shago na uku na sami wadda raina ya kwanta da ita.

Abin ciro fuli da gargare ba mu da shi. A Panteka wani mai walda ya haɗa mana da guntun farantin ƙarfe da dogayen kusoshi uku, bai ɗauki awa guda ba, ya kuma yi aiki kamar na kanti. Na gwammace haka da buga guduma a bakin karanshaf, wanda na sha gani ana yi a bakin titi.

Babban abokin gaba a tsakar gida lokacin hunturu ƙura ce. Buɗaɗɗen injin da ke jiƙe da mai, duk abin da iska ta kwaso sai ya manne. Muka turo motar jikin katanga, muka rataya tsohuwar tamfol ta gefen da iska ke kaɗawa, muka yayyafa ruwa a ƙasa. Na zana siffar murfin taimin a jikin kwali, duk kusar da na cire sai in soke ta a gurbinta a zanen, don tsawonsu ba ɗaya ba ne. Ƙananan kaya kuma suka tafi cikin farantin silba na Mama, wanda har yau ba ta yafe ba.

Buɗewar farko

Ranar Asabar bayan karin kumallo muka fara. Cire batir, zubar da ruwan lagireto, fitar da lagireton kansa, fanka, fambel. Nan Fijo ke da daɗi: injin a miƙe yake daga gaba zuwa baya, da ka ɗauke lagireto sai ga fuskar injin a gabanka, fili har ka zauna a kan kujera 'yar tsugunno ka yi aiki. Muka cire fulogi huɗu don injin ya juyu da hannu ba wahala. Ƙanena ne ya cire wayoyin fulogin, ya fizge su gaba ɗaya har daga murfin distributa, ya ajiye a kan katanga. Ban lura ba a lokacin.

Notin karanshaf ya ba mu wuya. Muka sa motar a giya ta huɗu, muka ja hambirki, ƙanena ya taka birki da iya ƙarfinsa, ni da Kawu muka ƙara wa sifana tsawo da bututun ruwa. A karo na uku ya yi ƙara ɗaya, ƙas, ya saki.

Da murfin ya fita, Baba, wanda ke zaune a kan tabarma da rediyonsa, ya taso ya leƙa. Sarƙar ta saki har ina iya ɗaga ta daga haƙoran babban gargare da yatsa biyu. Tenshina ta fito iya fitowarta, robar bakinta ta cinye, sarƙar ta haƙa mata kwari biyu har ƙarfe na leƙowa. A cikin murfin akwai wani wuri da ya yi fes yana ƙyalli, inda sarƙar ke dukansa. Haƙoran ƙaramin gargare sun karkace gefe guda kamar farcen shaho. Kawu ya dube su ya yi shiru, ni ma ban ce komai ba.

Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: wurin a bushe yake. Ba mai mai gudu, sai wani baƙin daskararren abu kamar kwalta a kusurwoyi. Na ce a raina tsufa ne.

Kafin mu taɓa sarƙar muka juya injin har alamomin gargaren biyu suka zo inda za mu gan su sarai, sannan na aro jan farcen ƙanwata. Na ɗiga a haƙorin da ke da alama a babban gargare da gaɓar sarƙar da ke kansa, haka a ƙaramin, na kuma ɗiga a jikin injin daidai kowanne. Na ɗauki hoto da waya ta fuska uku. Da tsohuwar sarƙar ta fito, muka shimfiɗa ta kusa da sabuwar a kan kwali, muka ƙirga gaɓoɓin da ke tsakanin ɗigo da ɗigo, ni na ƙirga, Kawu ya sake, ƙanena ya sake, sannan muka mayar da ɗigon a kan sabuwar. Wannan ya zama dole domin sabuwar ba ta zo da wata gaɓa mai launi dabam da za ta nuna wurin zama ba. Daga lokacin da sarƙa ta fita har ta koma, dokar ita ce kada kowa ya taɓa karanshaf ko kamshaf. Haƙori ɗaya in ya kauce, mota za ta tashi amma ba za ta yi daɗi ba. In ya kauce da yawa, a injuna da dama bawul da fistin sai su yi karo.

Tenshinar irin wadda ake kullewa ce kafin a ɗaura, sai an gama a sake ta ta turo sarƙar. Saura ƙiris mu rufe murfi tana kulle. Ina shafa gam a fakin Kawu ya ce, "Kai, wannan abin ba ya taɓa sarƙar fa." Muka sake ta, ta yi tsalle ta dafe. Na juya injin da hannu zagaye biyu cikakku, ba abin da ya tokare, alamomin gargare suka dawo daidai da ɗigon jikin injin. Murfin kuma ba mu ɗaure shi tamau ba sai da muka zura fuli ya zaunar da shi a tsakiya, don in ya karkace, mai zai riƙa zuba ta nan.

Ana kiran magariba muka mayar da lagireto. Bayan isha'i, da fitilar waya, don wuta ta ɗauke, ƙanena ya mayar da wayoyin fulogi. Akwai lamba 1 da wani tsohon bakanike ya karce a murfin distributa, kuma na san tsarin wutar 1-3-4-2 ne, sai muka bi. Na murɗa makulli. Ta juya, ta juya, sai fau, ta yi atishawa ta kafireto har da harshen wuta. Na sake, haka. Gabana ya faɗi. Na fara lissafin yadda zan sake kwance duk abin da muka yini muna ɗaurawa, Baba kuma ya kashe rediyonsa, wanda ya fi kowace magana nauyi.

Kawu ya karɓi fitilar ya bi wayoyin da yatsa. Ya ce wa ƙanena, "Wanne ka ɗauka lamba ɗaya?" Ya nuna na gaba, kusa da lagireto. Kawu ya yi dariya har da tari. "Bafaranshe daga baya yake ƙirge. Lamba ɗaya tana can wajen kuloci." Haka ne kuwa. In ka ƙirga daga gaba, kowace fulogi za ta sami wuta a zagayen da ba nata ba, lokacin da bawul ke buɗe, shi ya sa take tofar da wuta ta baki. Muka juya wayoyin. Bugu ɗaya ta tashi, shiru, sumul, sai ɗan tas-tas na tafet. Baba ya ce, "Madalla," ya kunna rediyonsa.

Washegari wani abu ya fito wanda na yi tsammaninsa. A hawan gada in na taka totur, sai injin ya riƙa ƙyal-ƙyal kamar tsakuwa a kwalba. Shekaru ana murɗa distributa gaba don a cike makarar da sakakkiyar sarƙa ke jawowa. Da sabuwa ta zo, sai wutar ta koma riga lokaci. Muka dawo da distributar baya aka saita, muka kuma sake duba tafet da injin a sanyaye, 0.10 na milimita a bawul ɗin shiga, 0.25 a na fita.

Kwana huɗu

Ranar Laraba da yamma, na dawo daga makaranta, Baba yana zaune a ƙofar gida. Bai amsa sallamata da tsawo ba. Ya ce, "Je ka tayar da ita." Injin da zafinsa, don ya dawo daga kasuwa ke nan. Ƙarar ba ta kai ta da ba, siririya ce, shuu-shuu da ɗan kacau a ƙarƙashi, amma daga wuri ɗaya take fitowa.

Zargina na farko ya tafi kan mai shago, na ce jabun tenshina ya ba ni. Kafin in je in yi rigimar da zan ji kunya daga baya, sai na bi ta Ori Apata wurin wani dattijon bakanike da aka ce Fijo ce sana'arsa tun yana yaro. Na same shi yana wanke kafireto a kwano. Na kwashe labari tun daga farko na faɗa masa, har da jan farce, ina jin kaina. Bai ɗago ba sai da na gama.

"Da ka cire tsohuwar tenshinar, ka ciro rariyar da ke bayanta?"

Na ce, "Baba, wace rariya?"

Ya ajiye burushinsa. "Ɗana, kun rufe ƙofa da ɓarawo. Je ka buɗe."

Tenshinar 504 ba sifirin kaɗai ke tura ta ba. Baƙin mai ne ke zuwa mata ta wata 'yar ƙofa a jikin injin, ya ƙara mata ƙarfi, ya kuma jiƙa robar da sarƙar. A bakin ƙofar nan akwai 'yar mitsitsiyar rariya da ke zaune cikin rami, ba ta kai kan ɗan yatsa ba. In ta toshe, tenshina za ta yi ta aiki a bushe. Bushewar da na gani ranar Asabar na ce tsufa ne, ita ce ainihin cutar. Tsohuwar sarƙar ba shekaru kaɗai suka kashe ta ba, ƙishirwa ce, kuma mun ɗaura sabuwa a kan ƙishirwar.

Asabar ta biyu aikin ya yi sauri, hannu ya riga ya san hanya, awa biyu murfi ya fita. Robar sabuwar tenshina, ta kwana bakwai kacal, har ta fara kwari. Na cire ta, na haska ramin. Ba ka ma ganin akwai rariya, baƙi ne kawai ya shafe wurin. Da lanƙwasasshiyar waya na jawo ta, ta fito kamar ƙwallon dabino da aka tsoma a kwalta. Ta yi rabin awa a fetur kafin ramukanta su fara bayyana. Muka wanke ƙofar da fetur a sirinji, muka hura da famfon keke, har abin da ke fitowa ya daina baƙi.

Tambayar da ta rage ita ce daga ina kwaltar take. Amsar tana cikin but ɗin motar: galan na baƙin mai da Baba ke yawo da shi. Shi a wurinsa, in mai ya ragu a ƙara, shi ke nan. Juye da canjin filta sai an tuna. Ga shi tafiyar motar duk gajeru ce, masallaci, kasuwa, gidan 'yan uwa a Tudun Wada, injin ba ya daɗewa da zafi har ya ƙone danshin da ke taruwa a cikin mai. Tsohon mai da danshi da ƙurar Kaduna, in suka daɗe tare, abin da suke zama ke nan. Don haka muka sauke kwanon ƙasan injin, wanda ya ci mana rabin yini da fatar yatsu, muka kankare abin da ke ciki da cokali, muka wanke babbar rariyar famfon mai, wadda ita ma ta toshe kusan rabi.

Wannan karon ban yarda da ido kawai ba. Na sayi wata tenshinar da wani fakin, na ɗaura, na zuba sabon mai, na bar murfi a buɗe da fulogi a cire, na zare wayar kwayil, ƙanena ya yi ta ba ta kik a taƙaice. A karo na huɗu mai ya tsattsafo ta jikin tenshinar, ya bi sarƙar, ya fantsamo mini a gaban riga. Ban taɓa murnar ɓata riga irin ta ranar ba.

Abin da ya biyo baya

Muka kai ta Maraban Jos muka dawo, Kawu a gaba, Baba a baya yana kasa kunne kamar alƙali. Ba ƙara. Bayan 'yan ɗaruruwan kilomita na sake juye man da filta, don sabon mai yana kwaso dattin da ya saura, kuma ya fito baƙi ƙirin kamar ya shekara. Na biyun ya fito da kyan gani. Hunturu ya wuce, zafi ya wuce, damina ta shigo, da asuba in ta tashi ba ka jin komai sai iskar fanka. Gadar Kawo ta koma giya ta uku.

In aka yi lissafi, kuskuren ya ci mana tenshina ɗaya, fakin ɗaya, galan na mai da Asabar guda. Duk da haka abin da muka kashe bai kama ƙafar kuɗin sauke injin da aka ce mu yi ba. Amma da na je wurin dattijon nan kafin in ɗauki sifana, da kuɗin goro kaɗai zai ci ni.

Maƙwabcinmu mai Corolla ya ga mun yi, ya zo yana tambaya ko za mu taya shi duba tasa. Na ba shi haƙuri. Injin Corolla irin tasa a gicciye yake, murfin taimin na manne da jikin mota, sai an tallafe injin an cire abin da ke riƙe da shi, sarƙar doguwa ce tana juya kamshaf biyu a sama, ga na'urar sauya lokacin bawul da ke aiki da mai. Wannan ba aikin kwali da jan farce ba ne, a ganina, sai ga wanda ya taɓa yi a gaban wanda ya iya.

Tsohuwar sarƙar tana rataye a ƙusa a zaure, Kawu na nuna wa baƙi yana ba da labarin lamba ɗaya ta Bafaranshe, ba ya kuma kawo zancen gargare. Na rubuta ranar juyen mai da alli a cikin bonet. Galan ɗin ƙari kuma na fitar da shi daga but na ɓoye a ɗakin ajiya. Makon jiya na buɗe but ɗin zan ɗauko jak, na same shi a gurbinsa, an ma naɗe shi da tsumma don kada ya yi ƙara.